Takardar Shaidar Gashin Kotone

Littafin hotuna na huɗu Chiharu take buɗewa lokacin da tukunyar lantarki ta yi ƙarar cewa shinkafa ta nuna, ba ta ko waiga ba. Tun da gari ya fara wayewa take durƙushe a tsakar ɗaki, hotuna sun kewaye ta. Ga 'yarta Kotone ranar shiga makarantar renon yara. Ga ta ranar bikin cika shekara bakwai cikin jan kimono, doguwar rigarsu ta gargajiya. Ga ta ranar wasannin makaranta tana gudu da ƙyalle ɗaure a goshi. A kowane hoto gashin yarinyar a kwance yake luf, baƙi wul, miƙaƙƙe kamar an tsiyayo ruwa.

"Mama, babu. Tun jiya nake faɗa miki," in ji Kotone daga bakin ƙofa, tana ɗaura maɓallin rigar makaranta.

"Na jarirantaka fa? Ina jin akwai wani a akwatin can."

"Ai ke kika ce sai da na shekara biyu kaina yana kamar dafaffen ƙwai."

Chiharu ta ɗaga kai ta dube ta. Shekarar yarinyar goma sha bakwai, amma mako uku ke nan da uwar ta fara ganin ainihin gashinta da rana tsaka. An rage shi zuwa gefen kunne, ya nannaɗe, ya yi zobe-zobe, kowane zobe ya kama gabansa. Hannun Chiharu ya motsa da kansa yana son ya kwantar da shi. Ta maida shi kan gwiwa.

Takardar tana nan kan tebur, fara sol, layi biyar kacal. A samanta an rubuta cewa takardar shaidar gashin haihuwa ce. Dokar makarantar ta ce ɗaliba ba za ta rina gashi ba, ba za ta murɗa shi da magani a shago ba, a yadda aka haife ta da shi za ta bar shi. Wadda gashinta ya bambanta da na sauran, sai iyaye su cike takarda, su buga hatiminsu, su haɗa da hoton yarinta da ke nuna haka aka haife ta. Malam Tsuruta, mai kula da tarbiyya, ya ba su zuwa ƙarfe huɗu na yau Juma'a. In takarda ba ta zo ba, to ranar Litinin Kotone ta zo da gashi a miƙe, ko kuma a rubuta mata laifi a fayil. Fayil ɗin nan kuwa shi makaranta za ta duba a watan Satumba kafin ta zaɓi ɗalibai biyu da za ta tura kwalejin koyon jinya ba tare da jarrabawa ba. Kwana huɗu ke nan Kotone tana karatu ita kaɗai a wani ɗan ɗaki kusa da ofishin malamai, don kada ta zame wa sauran mugun misali.

"In ya gagara, ki ɗauko ƙarfen miƙar da gashin kawai ranar Litinin," in ji Kotone, tana saka takalmi. "Abin da ya rage ma ya ƙarasa zubewa, in aske shi tas kamar ɗan wasan ƙwallo. Wannan dai doka ba ta hana ba."

"Kada ki ƙara faɗa. Ɗauki lema, yau ma ruwa za a yi."

Da ƙofa ta rufe, Chiharu ta buga waya wurin aiki ta ce ba ta jin daɗi. Sannan ta shiga banɗaki ta yi abin da take yi kowace safiya tun tana 'yar shekara goma sha biyar. Ta busar da gashinta sarai, ta fesa man kariya daga zafi, ta jira ya shiga, ta saita ƙarfen miƙar da gashi a kan digiri ɗari da hamsin, ta riƙa ɗiban gashin kaɗan-kaɗan tana ja sau ɗaya tak. Shekara goma sha tara tana sayar da kayan gashi a wani babban kantin magani da kayan kwalliya, kuma wannan karatun take yi wa kowace mai saye: kada ƙarfe ya taɓa gashi mai laima, kada zafi ya wuce ɗari da hamsin, kada a maimaita wuri ɗaya. Har daga wasu rassan ake turo sababbin ma'aikata su saurare ta.

Ita kam ta san abin da take gudu. Tana aji uku na firamare yara suka sa mata suna Sheƙar Tsuntsu. Suna jefa mata gutsattsarin gogen fensir a ka su ce ƙwai ne, ta yi hankali kada ya fashe. Ranar da ta ga gashin Kotone ya fara fitowa a murɗe, sai da ta shiga banɗaki ta yi kuka. Yarinyar tana shekara uku ta fara ɗora ta kan kujera tana ja mata da ƙarfe, a hankali, da dukkan ƙa'idojin da ta sani. Ba a taɓa yi wa Kotone dariya ba ko sau ɗaya. Chiharu tana ganin in akwai abin da ta yi daidai a rayuwarta, to wannan ne.

Ƙarfe tara da rabi ta isa shagon Fumie, mai gyaran gashi da ta san kanta tun tana budurwa. Tsohuwar tana share ƙasa, ba kowa a kujera.

"Chi-chan, lafiya da sassafe? Wa ya mutu?" in ji Fumie, da sunan da take kiranta da shi tun da can.

Chiharu ta miƙa mata takardar. Fumie ta ɗora tabarau a karan hanci ta karanta, ta sake karantawa, sai ta fashe da dariya har ta dafa kujera.

"Wato da yarinya take zuwa da gashin bogi ba wanda ya ce uffan, yanzu da ta zo da nata ake neman shaida."

"Fumie-san, ba abin dariya ba ne. Ke kika jawo. Ke kika ce a ajiye ƙarfe."

"Ni na jawo? Ba a gabanki na ɗauki silin gashinta na ja kaɗan ya tsinke kamar busasshiyar taliya ba? Ba ki ga bayan kunnenta ya fara haske ba?"

"Ai ban taɓa wuce ɗari da hamsin ba. Ban taɓa ja ba tare da mai ba."

"Na sani. Duk garin nan ba mai hannunki. Amma kifi ma in kika ɗora shi a ƙaramar wuta kullum har shekara goma sha huɗu, zai nuna. Man nan da kike sayarwa rage ɓarna yake yi, ba hutu yake ba gashi ba."

Chiharu ta zauna a kujerar wanke kai, ta rungume jakarta. Ta roƙi Fumie ta rubuta wasiƙa cewa ba ta sa wa yarinyar wani magani ba.

"In rubuta mana, har da hatimin shago. Amma me takardar ta ce? Hoto. Mutanen nan in sun ce hoto, ko ungozomar da ta karɓi haihuwar kika kai musu, hoto za su tambaye ta." Ta jingine tsintsiya. "Uwarki ba ta da ko ɗaya?"

"Duk wanda take da shi ni na aika mata."

"To saura mutum ɗaya."

"A'a."

"Ban ma faɗi suna ba."

"Na ce a'a."

"Shi ke nan. Ki kawo min ita ranar Lahadi in miƙar. Zan ba ki leda ki kwashe abin da ya zube."

Sai da rana ta raba tana kai-komo kafin ta haƙura ta nufi wurinsa. Motar bas da ke zuwa kasuwar kifi tana ɗaukar minti arba'in. Chiharu ta zauna kusa da taga tana kallon ruwan sama yana bin gilashi, tana shirya maganar da za ta yi. Shekara goma sha ɗaya da rabuwarta da Shinpei, uban Kotone. Ba duka, ba wata mace, kawai dai mutum ne da in ta ce a jera takalma sai ya tambaye ta wa zai zo. Bayan rabuwar, Asabar ɗaya a wata yake ɗaukar Kotone. Sai ya kai ta bakin teku ko gidan wanka, ya dawo da ita da yamma kanta ya tashi kamar an yi wa kaza wanka, shi yana dariya, ita ma tana dariya. Sun yi faɗa a kan haka a bakin ƙofa ya fi sau goma. Daga ƙarshe ta sa dokar cewa in zai ɗauke ta, ruwa kada ya taɓa kanta. Ta kuma sa shi ya goge hotunan da ke wayarsa a gabanta, ɗaya bayan ɗaya.

Ta same shi a rumfarsa cikin dogayen takalman roba, yana fede wani ƙaton kifi. Ya ƙara ƙiba, furfura ta cinye gefen kansa. Da ya gan ta sai ya tsaya da wuƙa a sama.

"Kai! Yau kuma hukuma ce da kanta? Me na yi?"

"Magana nake so mu yi."

"Yi mana. Kifin ba ya kai gulma."

Ta faɗa masa a taƙaice, idonta a kan ƙanƙarar da ke narkewa a tire. Bai katse ta ba. Da ta gama ya goge hannu a gaban rigarsa, ya sosa haɓa.

"Ban gane ba. Hoton me kike nema?"

"Ka ji ni sarai."

"Kunnena ya yi nauyi, ƙarar injin ƙanƙara ce. Hoton yarinya tana tsaf-tsaf? Ai kina da su cike da kabad."

"Shinpei."

"Ni dai na tuna wata mata ta tsaya a kaina, ta ce goge wannan, goge wancan, kunya kake so ka ja wa 'yarka."

Matar da ke rumfar gefe mai sayar da busasshen kifi ta rage sautin rediyonta. Chiharu ta ji fuskarta ta yi zafi. Ta haɗa ƙafafu, ta sunkuyar da kai sosai kamar yadda take yi wa mai saye da ya kawo ƙorafi.

"Ina roƙonka. In akwai hoton da gashinta yake yadda yake, ka ara min."

Shinpei ya daina murmushi. Da alama bai zaci za ta yi hakan ba, kuma da ta yi bai ji daɗin da ya yi tsammani ba.

"Ɗago, ɗago, mutane na kallo," ya ce da sauri. Ya juya bayan rumfar, ya ɗaga kalandar da ke jikin bango. A ƙarƙashinta an manne wani hoto da ƙusa, gefensa ya yi rawaya. "Na goge na waya kamar yadda aka umarce ni. Ba a ce komai a kan wanda na riga na wanke ba."

Kotone ce tana shekara shida, a bakin teku, da gajeren wando, tana riƙe da yankan kankana da ya rufe mata haɓa. Gashin ya tashi ta ko'ina, rana ta bi ta cikinsa. Bakinta a wage, haƙoran gaba biyu babu. Chiharu ta daɗe tana kallo. Ta nemi wani hoto a cikin littattafanta huɗu da yarinyar take dariya haka, ba ta tuna ba. A nata hotunan kullum cewa take yi, tsaya cak, kada ki motsa kai.

"A dawo min da shi," in ji Shinpei, yana saka hoton cikin leda. "Kuma ki ce mata in sun dame ta ta zo nan, ina neman mai riƙe min rumfa. A nan hula ake sakawa, ba mai ganin kan kowa." Ya naɗe yankan kifi biyu a takarda ya tura mata. "Ungo. Ki gasa a ƙaramar wuta, ke ce gwana."

Ta karɓa.

Da ta fito ruwan ya tsananta, iska ta juya mata lema sau biyu. Bas ya yi jinkiri, ga cunkoso a gada. Sai uku da kwata ta sauka a tashar da ke kusa da makarantar. Tana wuce wani kanti ta hango wata mata a gilashi, sai da ta yi taku biyu ta gane ita ce. Gashinta ya kumbura, ya murɗe daga saiwa, gaban ya tashi ya yi tozo. Shekara talatin ba wanda ya gan ta haka a titi.

Ba ta tsaya tunani ba. Za ta shiga ofishin malamai, za ta zauna gaban mutumin da makomar 'yarta take hannunsa, ba za ta je masa kamar mahaukaciya ba. Ta faɗa banɗakin tashar jirgin ƙasa, ta zaro ƙaramin ƙarfe mai batir da ba ya barin jakarta. Ta laluba man kariya, ashe ta bar shi a gida. Gashin a jiƙe yake, lokaci kuma babu. Ta murza maɓalli har ƙarshe, ɗari biyu. Da ta matse gaban gashin sai ya yi "cuu", tururi ya tashi, ƙauri ya cika wurin. Ta sake ja, ta sake, wuri ɗaya har sau huɗu. Wata tsohuwa da ke wanke hannu ta dube ta ta madubi ta ce, "'Yata, wani abu na ƙonewa." Chiharu ta ce, "Yi haƙuri," ta ci gaba.

Huɗu saura minti goma ta cire takalmi a ƙofar makaranta, ta zura silifas ɗin baƙi, kanta a kwance luf.

Ɗakin ganawar ƙarami ne, tebur ɗaya da kujeru huɗu, taga a buɗe saboda zafi. Kotone tana zaune, hannuwa a kan cinya. Malam Tsuruta ya miƙe ya gaishe ta cikin ladabi. Mutum ne da ya kusa ritaya, siriri, mai gajiyayyun idanu, da gashi baƙi ƙirin kamar na saurayi. Chiharu ta gane shi nan take. Farkon kowane wata yakan shigo kantinsu dab da rufewa, ya ɗauki kwalin rinin gashi mai lamba bakwai, ya ɗora jarida a kai kafin ya kawo wurin biya. Shi ma ya gane ta. Dukansu suka sunkuya suka ce sun ji daɗin haɗuwa karo na farko.

"Maman Kotone, mun wahalar da ke cikin ruwan nan."

"Mu ne muka wahalar da makaranta, Malam."

Ta miƙa takardar da hannu biyu, sannan hoton. Ya karɓa, ya ɗan ja hanci, don ledar tana ƙarnin kifi. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya buɗe fayil, ya fito da hoton Kotone na shiga makarantar, da na kammala ƙaramar sakandare, da na katin ɗalibai, ya jera su kusa da na bakin teku.

"Ki gafarce ni. Ba ƙaryata ki nake yi ba. Amma ni ma sai na yi wa shugaba bayani. Ga hotuna uku a miƙe, ga ɗaya a murɗe, shi ma kankana ta rufe rabin fuska. Bara wata uwa ta kawo mana hoton 'yar ƙanwarta."

"Ita ce, Malam. Dubi kunnen."

"Na gani. Sai dai kuma iskar teku takan hargitsa gashin kowa." Ya gyara zama. "Irin wannan gashin, in ban yi kuskure ba, gado ake yi. Mahaifinta ya zo ranar wasanni bara, nasa a miƙe yake kamar burushi. Ke kuma..." Ya nuna kanta da tafin hannu cikin girmamawa, bai ƙarasa ba.

Kotone ta juyo ta kalli uwarta. Ta kalli gashin da ke kwance, ta shaƙi iska, idonta ya ƙanƙance.

"Mama," ta ce a hankali. "A ina kika yi?"

"Yi shiru."

"Da kika bar shi ai..."

"Na ce yi shiru, muna gaban Malam."

"To faɗa masa. Ni na gaji. Kwana huɗu ina cin abincin rana da injin kwafe takardu."

Chiharu ta dubi hannuwanta. Ko Shinpei sai da suka yi wata shida da aure kafin ya san yadda gashinta yake. A kanti kuwa, mata suna nuna kanta su ce irin wannan suke so, ita kuma ta ɗauko musu kwalba.

"Daga wurina ta gada," ta ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai ta ƙara ɗagawa. "Nawa ya fi nata murɗewa. Ƙarfe nake sa masa kullum, yanzu ma a banɗakin tasha na yi. Ita ma ni nake mata tun tana shekara uku, kowace safiya, har ta iya da kanta. Hotunan nan uku duk aikina ne. Wata mai gyaran gashi ta ce in ba mu daina ba zai zube, shi ya sa muka daina. Ba wanda ya sa mata magani."

Malam Tsuruta ya cire tabarau ya goge. "Ashe shi ne ƙaurin. Na ɗauka wayar fanka ce."

Kotone ta toshe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa.

Ya ɗauki biro ya sa hannu a ƙasan takardar, ya rubuta kwanan wata. Chiharu ta yi masa godiya. Har ta fara tattara jakarta, sai ta ga ya jawo ɗan littafin dokokin makaranta, ya lashi yatsa, yana buɗe shafi.

"An karɓi shaida. Daga Litinin za ta koma aji. Saura abu ɗaya ƙarami." Ya juyo littafin ya nuna mata layi. "Doka ta ce ɗaliba ba za ta sauya gashinta daga yadda aka haife ta da shi ba, ko da rini, ko da magani, ko da zafi. Yanzu mun tabbatar a rubuce cewa nata murɗaɗɗe ne. Ke nan tun ranar da ta shigo makarantar nan, shekara biyu da wata biyu, a cikin saɓa doka take."

"Malam, ai kama da sauran yara ta yi."

"Haka ne. Ya yi kyau ƙwarai, mu ma mun yaba. Amma ba nata ba ne." Ya faɗi haka ba tare da ya kalle ta ba, yatsansa yana shafa gefen kansa, sai ya lura ya sauke hannun. "Ba zai shiga fayil ba in an rubuta takardar neman afuwa. Shafi ɗaya. Kuma daga yau, in ta zo da gashi a miƙe, laifi ne."

"Ko ranar bikin kammalawa?" in ji Kotone.

"Musamman ranar."

Ya zaro takarda mai layi-layi ya ajiye gaban yarinyar. Chiharu ta sa hannu ta jawo ta gabanta.

"Ni zan rubuta."

"Ɗaliba ce take rubutawa."

"Ɗaliba ba ta kai tsayin madubi ba lokacin da aka fara. In dokar ta hana uwa rubutawa, nuna min layin."

Ya duba littafin da gaske, shafi biyu gaba, shafi ɗaya baya. Bai samu ba. Ya ce zai kai wa shugaba takardar shaidar ya buga hatimi, ya fita ya ja ƙofa.

Takardar tana da gurabe uku: laifin da aka yi, dalili, da alkawarin gyara. Na farko bai ba ta wahala ba. A na biyu biron ya tsaya. Ta rubuta cewa don tsafta ne, ta soke. Ta rubuta cewa don bin tsarin makaranta ne, ta ga wannan ma ba zai yiwu ba, ta soke. Kotone ta matso da kujera tana leƙe ta kafaɗarta.

"Rubuta gaskiya kawai, Mama. Ba mai karantawa."

Ta rubuta: Na ji tsoron a yi mata dariya.

Kotone ta karanta. Can ta ce, "An yi min, ranar farko. Wata ta ce na yi kama da ɗan rago."

"Wace ce? 'Yar gidan wa?"

"Mama, rago fa yana da kyau. Jiya ita ce ta zo tana tambaya ko za ta taɓa." Ta ɗauki hoton bakin tekun tana juyawa. "Baba ya yi miki surutu?"

"Ya ba mu kifi."

"Wato ya yi."

Iska mai laima tana ta shigowa ta taga. Chiharu tana cikin gurbi na uku ta ji abin da ta sani sarai, ƙeyarta tana yin sauƙi, gashin yana ɗagowa daga wuya sili-sili. Abin da aka ja da laima ba ya zama, ita ce take faɗa wa mutane haka kullum. Gaban da ta ƙona ne kaɗai ya tsaya a miƙe, ya bushe ƙayau kamar tsinken tsintsiya.

"Mama, naki yana tashi."

"Na ji."

"Akwai banɗaki a ƙarshen baranda. Zan ce masa kin fita amsa waya."

Chiharu ta dubi jakar da ke kan kujera, ta dubi layin da ta fara. Hannunta ɗaya ya kai rabin hanya.

"Bar shi," ta ce. "Ban gama ba."

Tana sa hannu a ƙasan shafin Malam Tsuruta ya turo ƙofa, riƙe da takardar shaida da jan hatimin shugaba a jikinta. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya. Ya dubi uwar, ya dubi 'yar, kawuna biyu a jere, kowanne ya cika wurinsa.

"Af," ya ce. "Maman Kotone, ai da haka kika shigo, da ba mu tsaya dogon bayani a kan hoto ba."

Ya karɓi takardar neman afuwar da hannu biyu, ya duba ko an cike dukkan gurabe, ya saka ta a fayil.